Amanar Ajin Farko: Huɗuba a Kan Neman Ilimin Koyar da Ƙananan Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

HUƊUBA TA FARKO

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya kawo mu duniya ba mu san baƙi ba, ba mu san wasali ba, sa'an nan ya hore mana ji da gani da hankali, ya kuma sanya mana waɗanda suka kama hannunmu suka ɗora a kan allo. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, malamin manya da ƙanana, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina wasiyya, ina kuma yi muku, da tsoron Allah a fili da ɓoye. Ku sani tsoron Allah bai tsaya a kan buzun salla ba. Yana shiga cikin abin da muke zaɓa wa ƴaƴanmu, da hannun da muke danƙa su a ciki.

Dalilin wannan huɗuba

Bayan fitowar sakamakon jarrabawar bakaloriya, wani saurayi daga cikin masu salla a wannan masallaci ya tsaya ya jira ni bayan la'asar. Ya ci jarrabawarsa da maki mai kyau. Ya ce mini: "Malam, ina so in tafi jami'a in karanci ilimin tarbiyya, domin in koyar da ƙananan yara. Amma Baba ya ƙi." Na tambaye shi dalili. Ya ce mahaifinsa ya ce masa: "Shekara 13 ina sayar da tumakina ina saya maka littafi da alƙalami, sa'an nan ka ƙare a share majinar ɗiyan mutane? Ka nemi likita ko shari'a ko duwan."

Ban kawo wannan labari don in kunyata dattijon ba. Mutumin kirki ne, kuma son ɗansa ne ya sa shi faɗin haka. Na kawo shi ne domin maganarsa tamu ce duka. Shi ya furta, mu kuwa muna riƙe da ita a zuci. Idan aka ce ɗan wane ya zama likita, sai a yi ta barka. Idan aka ce ya zama mushe a ajin farko, sai a ce Allah ya kawo mafi alheri, kamar wanda aka zo yi wa jaje.

Ku dubi manomi, ya ƴan uwa. Idan kaka ta yi, yakan shiga cikin dammunansa ya zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ware ta, ya rataye. Ko yunwa ta matsa wa gidan, ba ya yarda a sussuke ta, domin iri ce. Ba mu taɓa ganin mai hankali ya cinye hatsi mai kyau ya ajiye ƙaiƙayi don shuka ba. To mu a sha'anin ilimi haka muke yi. Masu kaifin basira daga cikin ƴaƴanmu muna tura su ko'ina, wanda ya rasa madafa shi muke bar wa aji. Sa'an nan idan yaro ya gama shekara 6 a lakwal bai iya karanta wasiƙa ba, sai mu ce zamani ne ya lalace.

Matsayin wannan aiki a shari'a

Allah Ta'ala, a cikin Suratut Tahrim, ya umurci muminai da su tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa wannan tsarewa ana yin ta ne da koyarwa da tarbiyya. Hadisi ingantacce ya nuna mana cewa kowane yaro a kan tsarkakakkiyar halitta ake haihuwarsa, waɗanda suka rene shi su ke karkata shi. Wani hadisin ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya game da kiwonsa. Saboda haka koyar da yaro wajibi ne a wuyan uwayensa.

Amma uba yana gona ko kasuwa, uwa tana fama da aikin gida, da yawa daga cikinmu kuma ba mu iya rubutu da lissafin ba balle mu koyar. Dole ne a samu wanda zai tsaya a madadinmu. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ta nan ne samar da ƙwararrun malaman yara ya zama farilla ta kifaya: idan wasu suka tsaya mata yadda ya kamata, an ɗauke wa saura, idan kowa ya juya baya, laifi ya hau kan gari duka. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da lissafi cikin wannan nau'i na farilla, domin al'umma ba ta zaunuwa sai da su. To likitan da mai lissafin, wa ya fara nuna musu baƙaƙe?

Ku tuna yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira. An kamo fursunoni daga mushirikan Makka, aka yanka musu fansa wadda ta kai har dirhami 4,000. Waɗanda ba su da kuɗi amma sun iya rubutu, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya fansarsu ita ce kowanne ya koya wa yara 10 na Madina rubutu. A lokacin Musulmi suna cikin talauci da barazanar yaƙi, suna buƙatar kowane dirhami. Duk da haka aka ɗora karatun yara goma a ma'auni ɗaya da ƴancin mutum. Wannan shi ne farashin da Annabi ya sanya wa aikin da muke rainawa.

Kuma mu ƴan mazhabar Imam Malik muna da abin tunawa a hannunmu. Littafin Risala, wanda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan yake buɗewa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya rubuta shi ne bisa roƙon Muhriz ɗan Halaf, malamin ƙananan yara a Tunis, wanda ya so ya samu abin da zai karantar da yaransa. Littafin da manyan malamai suka shafe shekaru fiye da dubu suna yi wa sharhi, asalinsa littafin makarantar yara ne.

Sanin abu daban, iya koyar da shi daban

Wani zai ce: to Malam, koyar da yaro ɗan shekara 6 har sai an je jami'a? Ai duk wanda ya san baƙaƙe zai iya. Ni ma haka na zata, kuma zan gaya muku abin da wannan zato ya jawo, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Lokacin da na gama madarasa da karatun larabci, aka ba ni aji na ƙananan yara, sun fi saba'in. Na san nahawu, na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, ina jin kaina malami. Akwai wani yaro da yake zama can baya. Idan na faɗi harafi yara suka maimaita, shi sai ya zura mini ido. Idan na kira sunansa ba ya amsawa. Na yanke masa hukuncin taurin kai, na sa masa bulala, yau da gobe, har wata huɗu. Wata rana wata dattijuwar malama, wadda ta fito daga makarantar horon malamai, ta shigo ajina. Ta ɗan tsaya tana kallo, sa'an nan ta zagaya bayan yaron, ta kira sunansa a hankali. Bai waiwaya ba. Ta saki makullanta a ƙasa. Bai motsa ba. Ta ce mini: "Malam, wannan yaro ba ya ji sosai." Da aka bincika, ashe sanƙarau ya taɓa kama shi, ya bar masa rauni a kunne. Abin da ta gano cikin minti biyar, ni na kasa ganinsa cikin wata huɗu, domin ita an koya mata ta duba, ni ba a koya mini ba. Na dawo da shi gaba, amma tsoron makaranta ya riga ya shiga ransa, kafin ƙarshen shekara ya daina zuwa. Bayan shekaru na neme shi na roƙi gafararsa, ya yafe mini. Karatun da ya rasa kuwa ban iya mayar masa ba, kuma ina tsoron tambayar Allah a kansa.

Magabatanmu sun san koyarwa fanni ce mai zaman kanta. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara. A ciki ya wajabta wa malami ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi dukan yaro cikin fushi, ya hana taɓa fuska da kai, ya hana shi shagala da wata sabga a lokacin karatu. Ibn Haldun, wanda ya rasu a shekara ta 808, ya yi bayani cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, musamman ƙarami: tana kashe masa kuzari, tana koya masa ƙarya da munafunci don gudun duka. Imam Gazali ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi wasa yana dusashe masa basira har ya ƙi jinin ilimi.

Dukansu kuwa daga Manzon Allah (S.A.W.) suka ɗauko. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Ƙanen Anas, Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarinsa don ya sanyaya masa rai. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri. Ya ɗauki jikarsa Umamatu a kafaɗa yana limanci. Da ya ga hannun Umaru ɗan Abu Salama yana yawo cikin akushi, kalmomi kaɗan ya faɗa masa cikin taushi, ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa, kuma yaron ya riƙe su har tsufansa. Wannan hanya ce ta koyarwa, kuma ana koyonta kamar yadda ake koyon ƙira da jima.

Me ake karantawa, kuma a ina?

Domin kada uwaye su zaci wasa ake zuwa yi, bari in faɗi kaɗan daga abin da ɗalibin wannan fanni yake koyo. Yana karanta yadda jiki da hankalin yaro suke girma mataki mataki, domin ya san abin da ɗan shekara 4 zai iya ɗauka da abin da sai ɗan shekara 8. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin ya wuce shekara 6. Ashe Bahaushe bai yi kure ba da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yana koyon yadda ake kai yaro daga sauti zuwa harafi, daga harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Da yadda ake fara ƙidaya da tsakuwa da kara kafin a kai ga lamba a kan allo. Yana koyon shirya darasi tun kafin ya shiga aji, da riƙe yara masu yawa ba tare da bulala ba, da auna wanda ya gane da wanda aka bari a baya. Yana koyon gane yaron da ba ya gani sosai, da wanda ba ya ji, da wanda yunwa ce ta hana shi natsuwa. Sa'an nan a tura shi makaranta ya koyar a gaban gogaggen malami, ana gyara masa.

Ƙofofin kuwa suna nan cikin ƙasarmu. Akwai makarantun horon malaman firamare, irin su Bawa Jangwarzo a Maraɗi, Askiya Muhammad a Damagaram, Kawusan a Tawa da Mali Bero a Doso. A jami'o'in Tawa da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi, akwai sashen ilimin tarbiyya, inda mai bakaloriya yake samun digirin lisans bayan shekara 3. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai babbar makarantar horon malamai, wadda take fitar da masu ba malamai shawara da sufetocin makarantu. Mu ƴan larabci ma ba a bar mu a baya ba: madarasa ta farko ta gwamnati an buɗe ta a Sayi tun 1957, kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara karatu a 1986.

Shi kansa Abdu Mumuni da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, an haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin kimiyya ne da duniya ta sani a kan binciken hasken rana. Amma a 1964 littafin da ya fitar a kan ilimi a Afirka ne, inda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Mutum mai wannan zurfi bai ga maganar ajin farko ta yi masa ƙanƙanta ba. An fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, sa'an nan a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To jin Hausa a baki ba shi ne iya koyar da karatu da ita ba. Wa zai tsara littattafan? Wa zai horar da malaman? Idan ba mu tura ƴaƴanmu masu basira ba, doka za ta zauna a takarda.

Ku dubi nauyin da yake gabanmu. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi ba. A nan gida, tun ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa cika azuzuwa da malaman kwantaragi, da yawansu ba tare da isasshen horo ba, kuma da aka yi musu jarrabawa a 2017, mafi yawansu ba su kai rabin maki ba. Ba na zargin waɗannan bayin Allah; sun shiga inda wasu suka guda, sun yi aiki cikin rana da ƙura da jinkirin albashi. An miƙa musu alli ne ba a koya musu riƙonsa ba, kamar yadda aka yi mini.

Ina faɗin wannan magana tawa, ina neman gafarar Allah gare ni da ku. Ku nemi gafararsa, lalle Shi mai yawan gafara ne.

HUƊUBA TA BIYU

Godiya ta tabbata ga Allah shi kaɗai, tsira da aminci su tabbata ga wanda babu annabi bayansa.

Ya ku jama'ar Musulmi, na san uzurorin da suke cikin zukata, kuma ba zan yi kamar ban san su ba.

Na farko, albashi kaɗan ne. Gaskiya ne, kuma ba zan ce da ku malami zai gina bene ba. Shari'a ba ta ce ya zauna da yunwa ba. Hadisi ya halatta karɓar lada har a kan Littafin Allah, kuma a kan haka malamanmu na Malikiyya suka tafi. Haƙƙinsa ne a biya shi, a kan lokaci, abin da zai riƙe iyalinsa. Amma mu tambayi kanmu: arziki a hannun wa yake? Nawa ne suka bi aikin da ake ganin maiƙo suka ƙare da haram a cikinsu? Hadisi ya sanar da mu cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, cikinsu akwai ilimin da ake amfana da shi. Malamin da ya yi shekara 30 a ajin farko, kowace shekara yara 50, ya buɗe idon mutum 1,500. Duk wanda ya karanta aya cikinsu, ko ya karanta takardar magani ya ba ɗansa daidai, malamin yana da rabo, yana kwance cikin kabarinsa.

Na biyu, wasu suna cewa karatun boko yana ɓata tarbiyya. To idan muna tsoron abin da ake zuba wa yaranmu a lakwal, maganinsa shi ne mu tura masu tsoron Allah su tsaya a gaban allon. Yaranmu suna can ko mun so ko mun ƙi. Wanda ya bar rijiya ba murfi ba shi da bakin kuka a kan abin da ya faɗa ciki. Kuma wannan ilimi makarantun allo da na Islamiyya sun fi kowa buƙatarsa. Kada alaramma ya ji kunyar koyon dabarar koyarwa. Hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce, inda ya same ta ya kama.

Na uku, maganar ɗiya mata. Wasu suna cire yarinya daga makaranta, sa'an nan idan matarsu za ta haihu su ce sai likita mace, idan ƴarsu za ta shiga aji su ce sai malama mace. Daga ina za su fito? Shifa'u ƴar Abdullahi ta koya wa Uwar Muminai Hafsatu rubutu da sanin Annabi (S.A.W.). Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin jahar Tawa ta yau, a 1754, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da baƙi su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata da ake kira jaji, ta naɗa su, ta tura su ƙauyuka suna karantar da ƴan uwansu. Wannan ai makarantar horon malamai ce, tun kafin Nasara ya mulki ƙasar nan. Abin da yake kanmu shi ne mu nema wa ɗalibarmu masauki na amana da sutura ta mutunci, mu riƙa bibiyar halinta. Mijin da ya aure ta tana karatu, ya bar ta ta ƙarasa, yana da lada.

Yanzu ga nasiha gare ku, ya ku samari da ƴan mata masu niyyar wannan karatu. Ku gyara niyya tun daga gida. Wanda ya shiga don ya rasa wata hanya, yana jiran ranar da zai tsere, yara za su gane a fuskarsa. Ku nemi ilimin da gaske, kada ku sayi maki, kada ku yi satar amsa, domin malamin da ya samu takarda da ha'inci duk albashin da zai ci a kanta akwai shubuha, kuma zaluncinsa a kan marasa baki zai sauka. Ku riƙe sallolinku da karatun Alƙur'ani a jami'a, domin yaro yana kwaikwayon tafiyar malaminsa kafin ya kwaikwayi rubutunsa. Idan an tura ku ƙauye mai nisa, ku je, ku zauna. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Malamin da yake karɓar albashi yana zaune birni, ajinsa a rufe, ya ci amanar Allah da ta marayu da talakawa.

Ku kuma uwaye, ku girmama malamin ɗanku a gaban ɗanku. Ku je makaranta ku gaishe shi, ba sai ranar da aka yi rigima ba. Idan baƙo ne ku ba shi masauki da ruwa. Masu hali daga cikinmu, waɗanda suke zuwa Umra shekara bayan shekara, ku sani ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na shekara 3 har ya zama malami sadaka ce mai gudana. Ina roƙon kwamitin wannan masallaci ya zauna a kan wannan magana, mu ga ko za mu iya ɗaukar mutum biyu, namiji da mace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga mahukunta kuma muna tunatarwa, cikin ladabi da gaskiya. Ba mu manta ba da ranar 13 ga Afrilu 2021, da gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Peyi-Ba ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ba mu manta ba da ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, da irin wannan ta auku a Maraɗi, yara fiye da 20 ƴan shekara 5 zuwa 6 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa masu ceto ne ga uwayensu. Ajali na Allah ne, amma ku lura su wa aka sa cikin zana: mafi ƙanƙanta. Raini ɗaya ne yake ba su mafi raunin ɗaki da mafi ƙarancin horon malami. A gina musu azuzuwa, a horar da malamansu, a biya su a kan kari.

Game da saurayin da na buɗe magana da shi, na je har gida na gaida mahaifinsa. Na tambaye shi: "Alhaji, wa ya fara koya maka Fatiha?" Ya faɗi sunan malamin nan take, ya yi masa addu'a, alhali ya rasu shekaru masu yawa. Na ce: "To ka tuna sunan wanda ya sa hannu a takardar filinka?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ba shi lokaci ya yi istihara. Ina roƙonku ku taya shi da addu'a, shi da duk uban da yake cikin irin wannan shawara a yau.

Ya Allah, ka gafarta wa malamanmu na farko, waɗanda suka haƙura da mu muna ƙanana. Waɗanda suka rasu ka haskaka kaburburansu, masu rai ka kyautata ƙarshensu. Ya Allah, ka yafe mana abin da muka zalunci yara da shi cikin jahilci. Ka shiryi ƴaƴanmu, ka buɗe ƙirazansu, ka haɗa su da malamai masu ilimi da tausayi. Ka sanya albarka cikin karatun ɗalibanmu da albashin malamanmu. Ka ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da sauran ƙasashen Musulmi, ka ba mu damina mai albarka. Ka yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.

Ku tashi ku tsai da salla, Allah ya jiƙan mu da ku.